Alƙaluman makarantun Taraba da masu bincike

Makarantun gwamnati a Jihar Taraba suna ajiye rajistar ɗaukar ɗalibai da littafin kiran suna da takardun sakamakon jarrabawa. Don gudanar da aiki ake rubuta su, amma da su ne mai bincike zai gano yara nawa suka shiga aji ɗaya, nawa suka kai aji shida, da ƙaramar hukumar da 'yan mata suka fi barin karatu.

Babbar hanyar tattara su ita ce ƙidayar makarantu ta shekara-shekara. Shugaban makaranta ne ke cike fom, ya rubuta yawan yara maza da mata, da malamai, da azuzuwa, har da banɗaki da ruwan sha. Daga ƙananan hukumomi 16 na jihar, fom ɗin na isa Jalingo, wurin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da ma'aikatar ilimi, sannan a tura alƙaluman zuwa rumbun NEMIS na ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja. Ita ma hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, ta ƙidaya malamai da ɗalibai a faɗin ƙasa a 2018 da 2022.

Matsalar ita ce kowa da tasa ma'ajiyar. Sakamakon kammala sakandare yana hannun hukumomin jarrabawa na WAEC da NECO, rajistar haihuwa tana hannun Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa. Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a kuwa tun 2006, don haka yawan yaran da suka isa shiga makaranta ƙiyasi ne kawai. Yaron da iyayensa suka taso daga Gembu suka koma Jalingo zai iya bayyana a can a matsayin wanda ya daina karatu, a nan kuma sabon ɗauka. Ko sunansa ma, wani malami zai rubuta Muhammadu, wani Mohammed, wani ya gajarta shi. Sai da lamba ɗaya mai bin yaro duk inda ya je ake gane cewa mutum ɗaya ne. Hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, wato JAMB, ta wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN tun 2021, amma ba kowane ɗan firamare ke da ita ba.

Raba bayanai da masu bincike ba tona asiri ba ne. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutum alhakin tsare su, na yara kuwa sun fi buƙatar kulawa. Inda aka tsara abin da kyau, hukuma da jami'a kan rubuta yarjejeniya, a cire sunaye a sa lambobi, a fayyace wanda zai gani da abin da zai yi da su.

A 2023 Gwamna Agbu Kefas ya ayyana ilimin firamare da sakandare kyauta a makarantun gwamnati. Ko yaran da suka shiga sun ɗore, ko malamai sun wadata, alƙaluma ne za su nuna. Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a 2008, tana cikin garin Jalingo tare da SUBEB da ma'aikatar ilimi, kuma ya dace a buɗe wa malamanta ƙofa bisa rubutacciyar ƙa'ida, ba bisa sanayya ba.