SHIRI KAFIN LACCA: AMFANIN NA'URORIN ZAMANI GA ƊALIBAN JAMI'A

A shekarar 2001 aka kafa Jami'ar Jihar Nasarawa a garin Keffi, aka kuma fara karatu a cikinta a 2002. Tun daga lokacin yawan ɗalibai yake ta ƙaruwa, kamar yadda yake a sauran jami'o'in ƙasar nan. Idan ɗakin lacca ya cika maƙil, malami yakan ƙare sa'arsa yana shifta, ɗalibai suna rubutu kai a sunkuye, har a tashi ba wanda ya sami damar tambaya. Wannan kuwa asarar lokaci ce ga malami da ɗalibi baki ɗaya.

Dabarar da masana suka samo ita ce a juya tsarin. Malami zai ɗauki bayaninsa a murya ko a bidiyo na 'yan mintoci, ya haɗa da shafukan da za a karanta, ya aika ta wayar hannu ko ta manhajar koyarwa irin su Moodle, kwanaki kaɗan kafin lacca. Ɗalibi ya saurara a masaukinsa, ya maimaita inda ya shige masa duhu, ya amsa wasu gajerun tambayoyi. Daga amsoshin nan malami zai gane inda gizo yake saƙa. Ranar lacca sai a nufi wurin kai tsaye.

Eric Mazur, malamin fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya soma irin wannan koyarwa a farkon shekarun 1990. Yakan jefa tambaya ɗaya, kowa ya zaɓi amsa, sa'an nan kowane ɗalibi ya juya ga na kusa da shi ya yi ƙoƙarin gamsar da shi, a sake zaɓe. Shirin kansa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin almajirin zaure yakan yi muɗala'ar karatunsa tun da dare kafin ya zauna gaban malam.

Rufe makarantu da aka yi a watan Maris na 2020 saboda annobar korona ya fito da cikas biyu fili, wato tsadar data da ƙarancin wutar lantarki. Saboda haka ya kamata malamai su fifita murya da rubutu a kan bidiyo, tun da ba su cin data da yawa. Hukumomin jami'a kuma su bar ɗakunan kwamfuta a buɗe har bayan magariba, domin ɗalibin da ba shi da babbar waya ya sami inda zai shirya.