Ƙasar Wata da Gilashin da ke Cikinta

Idan Bahaushe ya ce ƙasa, yana nufin abin da ruwa ya jiƙa, iska ta kwasa, ganye ya ruɓe a cikinsa, manomi ya sa wa garma. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya faruwa a duniyar wata. Shi ya sa masana suka fi son kalmar regolit, wadda aka ƙera daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin bargo da dutse. Sunan kuwa ya dace, domin garin dutse ne ya lulluɓe wata tamkar bargo.

To, wa ya niƙa shi? Duwatsun sararin samaniya ne, manya da waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba, suka shafe shekaru biliyoyi suna afka wa wata. Zafin karon kan narkar da dutse, ya daskare nan take kafin ƙwayoyinsa su jeru, sai ya zama gilashi. Da yake babu ruwa ko iskar da za ta goge kaifinsa, ƙurar ta ci rigunan 'yan sama jannatin Apollo, waɗanda suka kawo kilo 382 na dutse da ƙasa tsakanin 1969 da 1972.

Amma ba duk gilashin ne ɗan karo ba. A 1972 Harrison Schmitt na Apollo 17 ya ci karo da ƙasa mai ruwan lemo. Bincike ya nuna ƙananan ƙwallayen gilashi ne da aman wuta ya feso daga can cikin wata fiye da shekaru biliyan 3 da suka wuce. A 2008 Alberto Saal da abokan aikinsa suka gano burbushin ruwa a cikin irin waɗannan ƙwallaye, bayan an daɗe ana cewa wata busasshe ne ƙarau. A 2023 kuma masana suka ba da rahoton ruwa a gilashin karo da kumbon Sin, Chang'e 5, ya kawo a 2020, suna danganta shi da haidurojin da ke fesowa daga rana.

A ganina bambancin nan shi ne gundarin maganar. Gilashin aman wuta yana ba da labarin cikin wata da yadda ya samu, na karo kuwa labarin abin da ke faɗa masa daga waje. Amurka da Sin, da ke shirin kai mutane su zauna a can, suna buƙatar ruwan, kuma dole su san yadda za su kare huhun mutanensu daga ƙurar.