Direban Jirgin Ƙasa da Sabon Layin Dogon da Zai Ratsa Gaya

A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin sabon layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil kwangilarsa, kuma a cikin tsarin akwai reshe da zai tashi daga Kano, ya bi ta Gaya, ya dire a Dutse. Jirgin ƙasa ba baƙo ba ne a gabashin Kano, domin tsohon layin Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa Zakirai da Ringim. Sai dai tazarar da ke tsakanin ƙarafan sabon layin milimita 1,435 ce, ta tsohon kuwa 1,067, don haka jiragen da za su hau shi za su fi na dā gudu da nauyi.

Yawancin zancen da ake yi kan aikin ya tsaya ne ga kuɗi da tashoshi da diyyar gonaki, ba a cika waiwayar waɗanda za su wuni a cikin jirgin ba, wato direba da mataimakinsa da gadi, wanda ke kula da taragai da fasinjoji. Wannan sakaci ne babba, domin jirgi mai lodi yakan ci fiye da kilomita guda kafin ya tsaya bayan an kama burki, kuma ba shi da sitiyarin kaucewa, saboda haka ran direba da na jama'a sun rataya ga abin da ya hango tun daga nesa. Kan jirgi, wato injin da ke jan taragai, a ƙasashen waje ake ƙera shi, a hannun injiniyoyin da da wuya a ce sun taɓa tuƙi cikin hazon hunturu, lokacin da fitilar sigina, mai ba da izinin wucewa ko umarnin tsayawa, takan dushe cikin ƙura. Direba ne ya san inda burtali ya gitta layi, da lokacin da garken shanu ke komawa ruga, da yadda ranar kasuwa ke cika mahaɗar titi da amalanke da babura, da irin kasalar da zafin bazara ke saukar wa mutum a ɗakin tuƙi.

Hatsarin Ladbroke Grove da ya auku a Landan a 1999, inda mutum 31 suka rasu, ya nuna illar rashin sauraren ma'aikata: siginar da direban ya wuce tana ja, an riga an wuce ta haka sau takwas cikin shekara shida, kuma an san tana da wuyar gani. Haka ma na'urar farkarwa, wadda ke yin ƙara don direba ya danna maɓalli ya tabbatar idonsa biyu, idan ta cika kuka babu dalili, hannu yakan saba da dannawa alhali hankali yana wani wuri.

Masu binciken yadda direbobin jirgi ke aiki sukan zauna a ɗakin tuƙi su lura da aikin da idonsu, su kuma tattara rahoton hatsarin da aka tsallake da ƙyar ba tare da an hukunta mai ba da labarin ba. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya da Jami'ar Sufuri ta Daura suna kusa, kuma tsofaffin direbobin layin Nguru da suka yi ritaya suna nan da ransu; ya kamata a nemi bakinsu kafin a tsayar da wuraren sigina da mahaɗun hanya a ƙasar Gaya.