Ɗan Wasan Tsakiya: Darasi Daga Rayuwar Garba Lawal

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana da la'asar zai tarar da yara suna buga ƙwallo a kowane fili, wasu da takalmi, wasu ƙafa a ƙasa, an kafa duwatsu biyu a maimakon raga. In ka tambaye su inda kowa yake so ya buga, kusan duka za su ce gaba, domin mai jefa ƙwallo a raga shi ake yi wa tafi. Mu ma a filin makarantarmu haka muke fama, kowa yana son lamba 9. Saboda haka muka ga ya kamata a bana mu yi bayani a kan ɗan wasan tsakiya, wanda aikinsa ya fi na kowa yawa, amma sunansa bai cika fita ba.

Ƙungiyar ƙwallo tana da mutum 11: mai tsaron gida, 'yan baya, 'yan tsakiya da 'yan gaba. Ɗan tsakiya shi ne gadar da ta haɗa baya da gaba. In ƙwallo tana hannun abokan hamayya, shi zai fara tare su don ya ƙwace ta. In ta dawo hannun nasu, shi zai karɓa daga 'yan baya, ya ɗaga kai ya duba, ya miƙa wa wanda ya fi dacewa. A manyan wasanni yakan yi gudun kilomita 10 zuwa 12 cikin minti 90. Don haka sai yana da dogon numfashi, da ido, da sanyin zuciya.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. An haifi Garba Lawal a Kaduna, nan kusa da mu, ran 22 ga Mayu, 1974. Ya buga wa Julius Berger ta Legas, daga nan ya tafi Esperance ta Tunisiya. A 1996 yana cikin samarin da suka ciyo wa Nijeriya lambar zinariya a wasannin Olamfik na Atlanta, a Amurka, bayan sun doke Birazil da ci 4 da 3, suka kuma doke Ajantina da ci 3 da 2. A shekarar ce ya koma Roda JC ta ƙasar Holan, inda ya zauna har 2002, kuma a zamaninsa ƙungiyar ta ɗauki kofin ƙasar sau biyu, a 1997 da 2000. Bayan haka neman abinci ya kai shi Bulgeriya, da Suwidin, da Fotugal, da Girka, har ƙasar Sin, kafin ya dawo gida ya buga wa Lobi Stars ta Makurdi. Mu lura, kowace ƙaura sabon harshe ce da sabon abinci, ga sanyi, ga kewar gida.

Garba ba gwanin yanka ba ne kamar Jay-Jay Okocha. Abin da ya sa masu horarwa daban-daban suka riƙa kiransa shekara goma shi ne, duk inda aka ajiye shi zai yi aikin, ko a tsakiya ko a gefen hagu, ba ya gajiya da komawa baya don taimakon 'yan'uwansa. Ran 13 ga Yuni, 1998, a birnin Nantes na Faransa, Sifen tana gaban Nijeriya da ci 2 da 1 a gasar kofin duniya. A minti na 73 Garba ya kutsa ta hagu ya bugo ƙwallo, mai tsaron gidan Sifen, Zubizarreta, ya taɓa ta ta faɗa ragarsa. Minti biyar bayan haka Sunday Oliseh ya ɗirka ta uku daga nesa. Har yau ƙwallon Oliseh ake ta labari, ta Garba kuwa da yawa suna lissafa ta a kan kuskuren mai tsaron gida. Amma da ba a farke ba, da ƙwallon Oliseh kunnen doki kawai za ta kawo.

Ya sake zuwa kofin duniya a 2002, ya kuma buga kofin Afirka sau huɗu: a 2000 Nijeriya ta zo ta biyu, a 2002 da 2004 da 2006 ta zo ta uku. A wasan neman na ukun na 2006 a Alƙahira, shi ya ci ƙwallo ɗaya tilo da aka doke Senegal da ita.

Ba a sanin amfanin ɗan tsakiya sai ya bar wurinsa. Sani Kaita, ɗan Kano, gwani ne, yana cikin waɗanda suka ciyo azurfa a Olamfik na 2008. Amma ran 17 ga Yuni, 2010, a kofin duniya na Afirka ta Kudu, Nijeriya tana gaban Girka da ci ɗaya, zuciya ta ɗebe shi ya kai wa wani ɗan Girka shuri, aka ba shi jan kati a minti na 33. Tsakiya ta buɗe, Girka ta ci 2 da 1. Fushin daƙiƙa ɗaya ya rufe aikin shekaru. Mun kawo wannan ba don zargi ba, sai don kowannenmu yana iya faɗawa irin wannan rami.

'Yan'uwa ɗalibai, waɗanda suka ciyo zinariyar Atlanta akwai Kirista, akwai Musulmi, akwai 'yan Arewa da 'yan Kudu, kuma ba wanda ya tambayi addinin wani kafin ya miƙa masa ƙwallo. A makaranta da ikilisiya ma muna da 'yan tsakiyarmu: mai shara, mai dafa abinci, mai buga ƙararrawa, ɗalibin da yake koya wa ɗan'uwansa lissafi da dare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In malamin wasanni ya ba ɗayanmu lamba 6 ko lamba 8 a zango mai zuwa, kada ya ɓata rai. Ya karɓa, ya yi gudunsa da aminci. Allah ya ba mu haƙuri da juriya, amin.