Gidan haya a cikin kwamfuta ɗaya

Kwamfuta ɗaya tana iya zama tamkar gidan haya. A raba ta ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki ya zama kwamfuta mai zaman kanta, da tsarinta, da rabonta na ƙwaƙwalwa da ma'ajiya. Irin aikin da nake yi ke nan a nan Ingila, kuma shi nake ba ƙananan ƙungiyoyinmu na mazauna waje shawara a kai, tunda ba kowa ke da kuɗin hayar injina uku ba.

Ni dai OpenBSD nake amfani da shi, ɗaya daga cikin dangin Unix, wanda Theo de Raadt ya kafa a 1995. Tun 2016 yake zuwa da manhajar vmd mai kula da 'yan hayar. Duk dokokin gidan suna cikin fayil guda, /etc/vm.conf. A nan za ka rubuta sunan kowane ɗan haya, ƙwaƙwalwa nawa za a ba shi, ina faifansa yake, ta ina zai shiga intanet. Layi biyar ko shida, shi ke nan. In ka sa kalmar disable, ba zai tashi da kansa ba idan an kunna injin. In ka sa owner da sunan wani, to wannan mutumin zai iya kunna nasa ya kashe ba tare da an miƙa masa makullin gidan gaba ɗaya ba.

Abin da ya sa na damu da fayil ɗin, 'yan uwa, shi ne yanayin aikin sa kai. Yau wane ne ke riƙe da shafin ƙungiya, gobe ya samu aiki a wani gari, ko takardunsa na zama sun ƙare. In da danna maɓallai ya gina komai, ilimin ya tafi da shi. In kuwa a rubuce yake, wanda ya gaje shi zai buɗe ya karanta, har da bayanin da aka bari bayan alamar #, ko da Hausa aka rubuta.

Yana da iyakarsa fa. Babu allo mai hotuna, sai rubutu zalla ta vmctl console, kuma Windows ba ya zama a gidan. OpenBSD da Linux ne 'yan haya. Kafin ka sake kunna komai bayan gyara, buga vmd -n, zai duba fayil ɗin ya nuna maka layin da ke da kuskure.