Daga Zaman CAPED Zuwa Dandalin WhatsApp: Malaman Dantchiao Na Koyar Da Juna

A ƙauyukan Dantchiao, kusa da iyakar Najeriya, sau da yawa malamin lakwal shi kaɗai yake fama da ajinsa na zana. Sufeto na can Magariya, littattafai ba su wadata ba, abokin shawara kuma sai an yi tafiya cikin yashi kafin a iske shi.

An daɗe da sanin maganin wannan kaɗaici a Nijar, wato zaman CAPED, inda malaman makarantu maƙwabta ke haɗuwa, ɗaya ya ba da darasi a gaban ƴan'uwansa, su kuma su yi masa gyara. Matsalar ita ce zaman ba kullum ba ne, ga kuɗin babur.

Wayar salula ta rage wannan tazara. Malami ya rubuta takardar shirin darasinsa da dare, ya ɗauki hotonta, ya tura wa zauren WhatsApp. Kafin gari ya waye wani daga Dungas ya gyara masa lissafi. Wata malama kuma ta aiko da saƙon murya, tana bayyana yadda take koyar da ƙidaya da karan gero da ƙwallayen dabino, kayan da babu ƙauyen da ya rasa su.

Buƙatar a fili take. Jarabawar da gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi a 2017 ta nuna da yawansu na buƙatar ƙarin horo. Sannan a 2025 kundin tsarin ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Jihar Damagaram, inda Dantchiao take, ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin a nan aka fara gwajin koyarwa da Hausa tun 1973. Sai dai malamin da aka horar da Faransanci yana buƙatar wanda zai faɗa masa yadda ake kiran kusurwa ko rabawa da harshen yaran da ke gabansa.

Akwai cikas. Rezo na ɗaukewa, cajin waya sai an biya mai sola, kuskure kuma kan yaɗu da sauri in ba mai tacewa.

Saboda haka ya kamata kowane zaure ya samu mashawarcin koyarwa a cikinsa, hukumomin ilimi na Magariya da Dungas kuma su tattara darussan da suka inganta, su buga su a takarda domin malaman da waya ba ta kai gare su ba.