Samfefa A Cikin Wando: Mutum Uku Suka Yi Maguɗi, Wa Aka Yafe Wa?



Yau za mu ɗan ajiye ƙwallon ƙafa a gefe, mu leƙa wasan kurket. Na san wani zai ce, "Mu me ya haɗa mu da kurket?" Ku dai yi haƙuri ku bi ni. Labarin 'yan wasa uku ne na ƙasar Ostireliya da aka kama da maguɗi a 2018. Abin da ya fi ɗaukar min hankali shi ne abin da ya biyo baya: wa aka sake kira ya buga wa ƙasa, wa kuma aka bari a waje.

Bari in fara yi muku bayanin wasan a taƙaice, don kada mu ɓata a hanya.

Kowace ƙungiya tana da mutum 11. Wani yana jefa ƙwallo, wani yana riƙe da faffaɗar sanda yana bugunta don ya tara maki. Burin masu jifa shi ne su fitar da masu bugu ɗaya bayan ɗaya. Akwai gajeren wasa na 'yan sa'o'i, akwai na yini guda, akwai kuma babban cikinsu da ake kira Tes, wanda kan kai kwana biyar. Shi ne ake ɗauka a matsayin ma'aunin gwaninta.

Ita ƙwallon da fata aka yi ta, tana da tauri, da ɗinki a tsakiya wanda ya raba ta gida biyu. A wasan Tes ba a sauya ta sai an yi zagayen jifa 80, kowane zagaye kuma jifa shida ne. Kun ga ke nan ƙwallo ɗaya za ta sha duka na sa'o'i. To a nan dabara take. Masu jifa sukan riƙa goge gefe ɗaya a jikin wandonsu yana ƙyalli, su bar ɗaya gefen ya yi kaushi da kansa. Iska ba ta bin gefen biyu daidai, don haka idan ƙwallon ta tsufa kuma aka jefa ta da gudu sosai, sai ta karkace a iska zuwa gefen mai ƙyalli, akasin yadda sabuwar ƙwallo take yi. Mai bugu yana jiranta ta nan, sai ta ɓullo masa ta can. 'Yan Pakistan irin su Sarfraz Nawaz, Imran Khan, Wasim Akram da Waqar Younis su suka yi suna a wannan fasaha.

Goge ƙwallo da gumi halak ne a dokar wasan. Abin da aka haramta shi ne ka kankare ta da farce, ko murfin kwalba, ko wani abu daban, don ta yi saurin kaushi. Ku riƙe wannan.

Yanzu mu je Afirka ta Kudu, watan Maris na 2018. Ostireliya ta je can buga wasannin Tes huɗu. Tun daga farko babu jituwa. A wasan farko a Durban, David Warner na Ostireliya da Quinton de Kock na masu masaukin baƙi sun yi cacar baki a matattakalar ɗakin sauya kaya, har sai da aka shiga tsakani. Ostireliya ta ci na farko, Afirka ta Kudu ta rama a na biyu. Da ɗaya da ɗaya aka iso Cape Town, filin Newlands, kowa rai a ɓace.

Ranar Asabar 24 ga Maris, rana ta uku ta wasan, Afirka ta Kudu tana gaba, ƙwallo kuma ta ƙi karkacewa. Sai kyamarorin talabijin suka hango Cameron Bancroft yana goga wani ɗan abu ruwan ɗorawa a jikin ƙwallo. Matashi ne ɗan shekara 25, wasansa na takwas ke nan a Tes, wato yana cikin sababbin shiga a tawagar. Aka haska hoton a babban allon fili. Koci Darren Lehmann ya gani, ya tura ɗan wasan benci Peter Handscomb ya je ya yi masa magana. Da Bancroft ya fahimci asiri ya tonu, sai ya cusa abin cikin wandonsa. Wannan ma kyamara ta ɗauka! Da alƙalan wasa suka tambaye shi, sai ya zaro baƙin ƙyallen goge tabarau ya nuna musu.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Da yamma, Bancroft da kyaftin Steve Smith suka zauna gaban 'yan jarida. Bancroft ya ce salatif ne ya manna wa ƙasa. Smith ya amsa cewa manyan tawagar sun san da shirin. Da bincike ya zo, sai aka gano ba salatif ba ne, samfefa ce, wato takardar nan mai kaushi da kafinta ke goge katako da ita. Ga maguɗi, ga ƙarya a kansa.

Hukumar kurket ta duniya, ICC, ba ta yi wani hukunci mai nauyi ba. Ta dakatar da Smith wasa ɗaya, ta ƙwace kuɗin wasansa duka, ta yanke wa Bancroft kashi 75 cikin ɗari na nasa. Dalili kuwa, a lokacin ba a ɗauki taɓa ƙwallo a matsayin babban laifi ba. Kuma ba su ne farau ba. A 1994 an ga kyaftin ɗin Ingila Mike Atherton da ƙasa a aljihu. A 2010 Shahid Afridi na Pakistan cizon ƙwallon ya yi da haƙora a gaban kyamara. Shi kansa kyaftin ɗin Afirka ta Kudu, Faf du Plessis, sau biyu ana cin sa tara: a 2013 saboda goga ƙwallo a zif ɗin wando, a 2016 saboda shafa mata yawu da alawa a bakinsa.

To me ya sa na Ostireliya ya zama daban? Saboda gida ya ɗauki zafi. A can, kyaftin ɗin kurket mutum ne mai girma ƙwarai a idon jama'a. Har firaminista na lokacin, Malcolm Turnbull, sai da ya fito ya nuna takaicinsa. Ga shi kuma tawagar ta daɗe da suna wajen zafin baki a fili, tana kuma yi wa wasu wa'azin ladabi. Mutane da yawa dama jira suke.

Ranar 28 ga Maris hukumar kurket ta Ostireliya ta yanke nata hukuncin. Bincikenta ya ce Warner ne ya ƙulla shirin, shi ya koya wa Bancroft yadda zai yi. Smith ya sani amma bai hana ba. Aka dakatar da Smith da Warner wata 12 kowanne, Bancroft wata 9. Aka hana Smith shugabanci na shekara biyu, aka ce Warner ba zai ƙara riƙe shugabanci ba har abada. Gasar IPL ta Indiya, inda manyan kuɗi suke, ita ma ta rufe wa su biyun ƙofa a shekarar. Smith ya yi kuka gaban 'yan jarida a filin jirgin Sydney, mahaifinsa na tsaye a bayansa. Lehmann, duk da bincike ya wanke shi, ya ajiye aiki. Afirka ta Kudu ta lashe jerin wasannin da ci 3 da 1.

Nan ne yawancin masu ba da labarin suke tsayawa. Mu kuwa yanzu muka zo gaɓar da nake so mu duba.

A ƙwallon ƙafa kun saba koci ne ke fitar da sunaye. A kurket akwai kwamitin masu zaɓe, yawanci tsofaffin 'yan wasa, su ke zama su tsara tawaga tare da jin ta bakin koci da kyaftin. Hukuma ce ke yanke tsawon dakatarwa, amma ƙarewar wa'adi ba ta ba ka riga. Sai waɗannan mutanen sun kira ka. Wato yafiya ta gaskiya a hannunsu take.

Shekarar da Smith da Warner ba sa nan, Ostireliya ta sha kashi. Ingila ta lallasa ta 5 da 0 a wasannin yini guda. Indiya ta zo har gida ta ci ta 2 da 1 a Tes, abin da ba ta taɓa yi ba a tarihi. Saboda haka da wa'adi ya cika a ƙarshen Maris 2019, ba a ɓata lokaci ba, aka saka su biyun a tawagar gasar cin kofin duniya a Ingila. 'Yan kallo suka yi ta yi musu ihu, har a wani wasa sai da kyaftin ɗin Indiya Virat Kohli ya roƙi magoya bayan ƙasarsa su daina yi wa Smith ihu. Warner ya tara maki 647 a gasar, maki ɗaya tak ya raba shi da na farko.

Sai gasar Ashes, tsohuwar hamayyar Ingila da Ostireliya, a watan Agusta 2019. A wasan farko a Birmingham duka ukun suna fili, 'yan kallo na ɗaga musu samfefa. Smith ya ci 144 da 142 a wasan, ya gama gasar da maki 774. Bakin kowa ya mutu.

Ga inda nake so ku saurara da kyau. Bancroft ya shiga bugu sau huɗu, ya tara maki 44 kacal, sai aka cire shi bayan wasa biyu. Warner ya shiga sau goma, ya tara 95, ɗan Ingila Stuart Broad ya fitar da shi sau bakwai. Ku yi lissafi: Bancroft 11 a kowace shiga, Warner bai kai 10 ba. Amma Warner ya buga duka biyar ɗin. Daga wancan watan, Bancroft bai sake buga wa ƙasarsa Tes ba.

Smith kuwa, a 2021 aka ba shi mataimakin kyaftin, har ya sake jagorantar tawagar a watan Disamba na shekarar. Warner ya yi ritaya daga Tes a Janairun 2024 a Sydney, ana tafa masa. A Oktoban 2024 ma aka ɗage masa haramcin shugabancin da aka ce na har abada ne.

Da Warner ya tafi, gurbin mai buɗe bugu ya zama babu kowa, kuma wannan ne ainihin gurbin Bancroft. A gasar cikin gida ta Sheffield Shield, shi ne ya fi kowa maki a kakar 2022/23. Mutane da yawa suka ce lokacinsa ya yi. Sai masu zaɓe suka ɗauko Smith, wanda ba gurbinsa ba ne, suka sa shi a wurin. Nan fa aka tuno da wata hira da Bancroft ya yi da jaridar Guardian a 2021, inda aka tambaye shi ko masu jifan tawagar sun san da shirin samfefa, ya ba da amsar da aka fahimta a matsayin eh. Su huɗun, Pat Cummins, Mitchell Starc, Josh Hazlewood da Nathan Lyon, sun fitar da sanarwa tare suna musantawa. Cummins ɗin nan shi ne ya zama kyaftin daga baya. Shugaban masu zaɓe, George Bailey, ya ce sam wannan magana ba ta da alaƙa da zaɓen.

Don Allah kada wani ya je ya ce na ce an yi masa maƙarƙashiya. Dole a faɗi ɗaya ɓangaren. A wasan Tes 10 da Bancroft ya buga, maki 446 ya tara, kuma wannan ba abin a zo a gani ba ne. Warner yana da tarihin shekaru a bayansa, kuma 'yan watanni bayan waccan Ashes ɗin ya ci 335 a kan Pakistan a Adelaide ba tare da an fitar da shi ba. Masu zaɓe za su ce haƙurinsu ya biya.

Irin wannan ta faru a Pakistan. A 2010 an kama Salman Butt, Mohammad Asif da Mohammad Amir da laifin shirya kuskuren jifa da gangan a filin Lord's na Landan saboda kuɗin 'yan caca. Dukansu sun yi zaman gidan yari a Birtaniya. Amir, mai shekara 18 a lokacin, ya dawo tawaga a 2016, duk da wasu abokan wasansa sun nuna ƙin amincewa da farko. A 2017 shi ya fitar da manyan masu bugun Indiya uku a wasan ƙarshe na Champions Trophy, Pakistan ta ɗauki kofi. Butt da Asif ba a sake kiransu ba. A can ƙaramin ne ya dawo, a Ostireliya manyan ne suka dawo. Me ya haɗa su? Duk wanda ya dawo, tawaga ce ba ta da madadinsa.

Abin da na fahimta ke nan. Hukunci yana auna girman laifi, amma masu zaɓe buƙata suke aunawa. Aikinsu ke nan, an ɗauke su ne su ci wasa. Sai dai sakamakon shi ne, wanda bincike ya ce shi ya ƙulla shirin ya gama da karramawa, wanda aka aika kuma har yau idan aka ambaci sunansa, hoton hannu a cikin wando ake tunawa.

Shi ya sa nake cewa 'yan uwana matasa, musamman wanda ya shiga sabon wuri yana neman gindin zama: idan babba ya miƙo maka abin da shi ba zai riƙe da hannunsa ba, ka tambayi kanka dalili. Bancroft ba yaro ba ne, ya san abin da yake yi, kuma ya amsa laifinsa. Amma ranar da kyamara ta juyo, a hannunsa aka ga samfefar.

Bayan wannan badaƙala, ICC ta tsananta doka a 2018 ɗin, taɓa ƙwallo yanzu na iya jawo dakatarwar wasan Tes har shida.

To ku fa, me kuka gani? Da kai ne shugaban masu zaɓe a Janairun 2024, za ka kira Bancroft ko za ka yi yadda suka yi? Kuma wanda ya gama wa'adin hukuncinsa, ya dace a sake ba shi shugabanci? Ku rubuto mana a ƙasa, zan karanto wasu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.